Sunansa Shayi, Amma Ba A Sha

A makon da ya wuce aka cillo wata murya cikin zauren WhatsApp na danginmu, irin muryar nan da take yawo daga waya zuwa waya har a manta wanda ya fara sakinta. Mace ce mai zaƙin baki. Ta buɗe da sallama da salati, sannan ta shiga tallar wata 'yar kwalba da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, wai man ganyen shayi. A ɗiga uku a ruwan ɗumi a sha da sassafe, in ji ta, zai wanke ciki ya kori sanyi. Mace ta zuba a ruwan tsarki. Yaro mai makero a mulke masa kai da shi. Mai ciwon kunne a ɗiga masa. Ta rufe da maganar da ta fi ƙona mini rai: ai shayi ne, daga tsiro aka samo shi, ko bai yi magani ba ba zai cutar ba. Kafin la'asar wata gwaggona har ta tambayi inda ake sayarwa.

Na san kwalbar. A jikinta an rubuta Tea Tree Oil da Turanci, masu kanti kuma ti-tiri suke ce masa. Yana cikin sabulai da man wanke gashi da ake shigowa da su, masu haɗa man shafawa a gida suna talla a Instagram da TikTok kuwa ba sa rabuwa da shi. Ba kayan damfara ba ne, yana da amfaninsa, kuma za mu zo kai. Sai dai cikin abubuwa huɗun da baiwar Allahn nan ta lissafa, babu ko ɗaya da ya kamata mai hankali ya yi.

Sunan ne ya fara jawo ɓatan kai. Ganyen da mai shayi yake dafa mana a bakin titi daga wata bishiya yake da masana ke kira Camellia sinensis, 'yar asalin Asiya, wadda ake nomawa a Kenya da kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Man da muke magana a kai kuwa daga Melaleuca alternifolia ake samunsa, bishiyar fadama ce ta ƙasar Ostireliya, a arewa maso gabashin jihar New South Wales da kudu maso gabashin Queensland. Ganyenta siriri ne kamar allura, ɓawonta yana saɓulewa kamar takarda. Ko a wurin biki ba ta haɗa dangi da shayi ba. 'Yan uwanta su ne gwaiba da kanumfari da bishiyar zaitin nan da wasu ke ce wa turare, shi ya sa wanda ya buɗe kwalbar ya shaƙa zai ji abu mai yaji kamar kafur ko man zafi. Ana danganta sunan da matuƙan jirgin Kyaftin James Cook, wanda ya isa gaɓar Ostireliya a 1770, domin sun riƙa dafa ganyen wasu itatuwan can a madadin shayin da suka baro a gida. Sunan ya bi itatuwa da yawa ya manne.

Bahaushe bai kamata suna ya ruɗe shi ba, don shi ne gwanin raɗa irin wannan suna. Gautan kura gauta ne a baki kawai, ba wanda ke yanka shi a kwaɗo. Nonon kurciya ciyawa ce, ba a dama fura da ita. Ruwan batir ruwa ake ce masa, wa ya taɓa alwala da shi? Abin da ma ya ƙara dagula lissafi shi ne a ƙasar Sin akwai wani man girki na gaske da ake matsowa daga 'ya'yan wata 'yar uwar bishiyar shayi, Camellia oleifera, ana soya abinci da shi. Wanda ya karanta labarin wancan a intanet ya ɗauko wannan ya kai baki, ya yi ɓatan da ba na wasa ba.

Mutanen Bundjalung, 'yan asalin yankin da bishiyar take tun kafin zuwan Turawa, sun san amfaninta. Suna murtsuke ganyen su shaƙa idan mura ko tari ya kama su, su ɗaura shi a kan rauni. Masu talla suna son wannan labarin ƙwarai, sai dai suna tsallake wuri guda: ganye waɗancan mutane suka yi amfani da shi. Man da ke cikin kwalba wani abu ne daban. Ana loda ganye da ƙananan rassa cikin ƙatuwar tukunya, a tura tururi ya ratsa su, tururin ya kwaso man, a sanyaya shi, man ya taso saman ruwa a yaɗe. Kilo 100 na ɗanyen ganye ba ya ba da fiye da kilo 1 zuwa 2 na mai. 'Yar kwalbar nan mai mililita 10, ashe ƙarfin ganye rabin kilo ne zuwa kusan kilo guda aka dunƙule a cikinta.

A nan ne mutane suka kasa ganewa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Uwargida tana jefa ɗan gutsuren kanwa a tukunyar wake, wake ya nuna lugub. Ta jefa curi guda, ba mai cin waken nan. Attarugu biyu a miyar gida ɗanɗano ne, amma a ce an tattara zafin attarugu kwando guda cikin cokali ɗaya, wa zai lasa? Ranar da muke shanya hatsi a cikinta, idan yaro ya tara haskenta da gilashin tabarau a wuri ɗaya, takarda take kamawa da wuta. Ranar ba ta canza ba, tara ta aka yi. Kalmar "mai" ita ma tana yaudara, domin da an ce mai sai hankali ya tafi kan man gyaɗa da man shanu da man kaɗanya, waɗanda duk kitse ne, abinci ne. Ti-tiri ba kitse ba ne. Dangin sinadaran da ke ba kafur da na'a-na'a ƙamshinsu ne, masu tashi su bi iska. Ɗiga man gyaɗa a farar takarda, gobe tabon maiƙo yana nan. Ɗiga ti-tiri na ainihi, kafin wani lokaci ya bushe ya tafi.

Sinadarai kusan 100 ne a cikinsa, amma wanda ke ɗauke da yawancin aikin sunansa terpinen-4-ol. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na hukumar ISO, wanda aka sabunta a 2017, ya ce sai wannan sinadari ya kai kashi 35 zuwa 48 cikin 100 kafin a kira mai ti-tiri. Yadda yake kashe ƙwayar cuta ba wani sihiri ba ne. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wata siririyar fata mai maiƙo, kamar ruwa a cikin salka. Man yana kutsawa cikin wannan fatar ya sassauta ta, abin da ke ciki ya tsiyaye, ƙwayar ta mutu. To amma ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam su ma da irin wannan lulluɓi suke. Fatar waje tana da tauri, tana iya jure kaɗan. Cikin ido da cikin kunne da al'aura da hanji ba su da wannan garkuwa.

Wanda ya fito da man ga duniya wani masanin sinadarai ne a Sydney, Arthur Penfold. A shekarun 1920 ya auna ƙarfinsa ya bayyana cewa ya ninka kabolik, wato sinadarin da asibitoci ke kashe ƙwayoyin cuta da shi a lokacin, har sau 11. Har yau masu talla suna yawo da wannan lamba, shekara ɗari bayan nan. Man ya yi kasuwa, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu fenisilin da 'yan uwansa suka zo suka ture shi gefe. Sai daga shekarun 1970, da Turawa suka koma sha'awar kayan gargajiya, aka farfaɗo da shi, aka daina dogara da saran daji aka buɗe gonaki. Awon Penfold kuwa a cikin kwalbar ɗakin gwaji aka yi shi. A can ai bilic ɗin wanki ma yana kashe ƙwayoyin cuta, ya ma fi shi, amma ba mu ji wanda ya ce a sha don taifot ba. Tambayar da ta dace ita ce: da aka gwada a jikin mutane, me aka gani?

An gani, kuma ba laifi. A 1990 likitocin fata a Sydney suka tara mutum 124 masu ƙurajen fuska marasa tsanani. Wasu aka ba su abin shafawa mai ɗauke da ti-tiri kashi 5 cikin 100, wasu aka ba su benzoyl peroxide, sanannen maganin ƙuraje na kemis, shi ma kashi 5. Duka ɓangarorin ƙurajensu sun ragu. Ti-tiri ya fi jan ƙafa kafin a ga aikinsa, amma masu shafa shi ba su koka da bushewar fata da raɗaɗi kamar ɗaya ɓangaren ba. A 2007 aka sake gwadawa a Iran da mutum 60 na tsawon kwana 45, aka tarar ya fi abin shafawar da babu magani a ciki nesa ba kusa ba. Amosanin kai ma haka: a wani gwaji na 2002 da mutum 126, waɗanda suka wanke kai da sabulun ruwa mai kashi 5 kullum har mako huɗu sun sami sauƙin kashi 41 cikin 100, waɗanda aka ba sabulun da babu shi kashi 11.

Sai cin ruwa, wanda ya fi shafarmu, mu da ƙafa ke shan ruwa sau biyar a rana, wasu kuma su zura safa da takalmi sau-ciki ba tare da sun tsane tsakanin yatsu ba. A nan labarin ya fi koyar da darasi. Da aka gwada kashi 10 cikin 100 a 1992, ƙaiƙayi da saɓa sun lafa, amma da aka kankaro fatar aka duba, ƙwayar cutar tana nan daram a ƙafar yawancinsu. Sai da aka kai ƙarfinsa kashi 50, a wani gwaji da mutum 158, sannan ƙwayar ta mutu a ƙafar kusan mutum biyu cikin uku. A wannan ƙarfin kuma fatar wasu ta yi borin da ya sa dole aka dakatar musu. Man shafawar da ake sayarwa a kemis don cin ruwa, irin su terbinafine da clotrimazole, yana yin wannan aiki, kuma galibi bai kai kuɗin kwalbar ba. Ruɓewar farce kuwa ba ta ma cancanci dogon zance ba: a gwajin 1994, bayan wata shida ana shafa tsantsarsa safe da yamma, kashi 18 cikin 100 ne kawai ƙwayar ta bar farcensu.

Iyakarsa ke nan. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai, a 2015, ta amince da shi a matsayin maganin gargajiya don ƙananan raunuka na saman fata, cizon ƙwari, ƙananan maruru da ƙuraje, ƙaiƙayin cin ruwa mara tsanani, da kurkure baki a tofar. Amincewar ta dogara ne a kan daɗewar da aka yi ana amfani da shi, kuma ba ta haɗa da yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba, haka masu ciki da masu shayarwa. Babu wanke ciki a jerin, babu sanyi, babu ciwon suga, babu basir.

Mai son amfani da shi ga fata, lissafin ba wuya. Cokalin shayi ɗaya na man zaitun ko man riɗi ya kai kamar ɗigo 100. Ɗigo 5 na ti-tiri a ciki shi ne kashi 5 ɗin da aka yi gwaje-gwajen da shi, kuma shi ɗin ma a kan ƙurjin ake ɗan taɓawa, ba a mulke fuska ba. Abin da za a shafa a wuri mai faɗi kuwa ɗigo ɗaya ya isa. Hukumar tantance haɗari ta Jamus tun 2003 ta ba da shawarar kada ya wuce kashi 1 cikin 100 a kayan shafawa. A fara taɓa kaɗan a cikin dantse a jira kwana ɗaya ko biyu, idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi a haƙura. Gaskiya ma, ga mai ƙurajen fuska, gara ya sayi sabulu ko abin shafawar da kamfani ya riga ya auna, da ya lafta wa fuska mai maiƙo wani man. Sannan ruwa ba ya tsinka shi. Wanda ya ɗiga shi a bokitin wanka ya ɗauka ya sirka, bai sirka komai ba, man yana nan yana yawo a sama kamar manja a ruwan wanke-wanke. Kwanon farko da ya ɗiba ya sheƙa, tsantsarsa ya zuba wa jikinsa.

Wannan ya kawo mu ga ruwan tsarki da maganar sanyi. Kalmar sanyi a bakin mutanenmu ta zama buhu, komai ana zubawa. Ƙaiƙayin gaba na ƙwayar kandida sanyi ne, rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a gaban mace sanyi ne, ciwon mafitsara sanyi ne, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa irin su gonoriya da kilamidiya duk sanyi ne. Kowanne da maganinsa, wani ma sai an haɗa da maigida an yi wa duka biyun magani. Na ƙarshen nan idan aka yi sake suna hawa sama su toshe hanyar da ƙwan haihuwa ke bi. Matar da ta shafe wata uku tana tsarki da ti-tiri, tana jin raɗaɗi tana cewa magani ne ke aiki, ba abin da ta yi wa ƙwayar da ke can ciki, sai dai ta ƙona fata mai laushi ta ƙara wa kanta ƙaiƙayi a kan ƙaiƙayi. Garin gyaran gira a rasa ido. Na san abin da ke kai mata ga 'yar kwalba: kunyar buɗe baki gaban likita namiji, layin asibiti, kuɗin gwaji, wani lokacin da tsawar ma'aikata. Mai muryar WhatsApp ba ta tsawa, har addu'a take yi maka. Wannan kuwa abin dubawa ne ga masu kula da asibitocinmu, in suna dubawa.

Makeron kai shi ma ba aikin shafe-shafe ba ne. Ƙwayar tana shiga har cikin silin gashi, inda abin shafawa ba ya isa, shi ya sa likita ke ba da maganin sha irin griseofulvin na makonni. A mulke wa yaro kai da ti-tiri, saman ya ɗan yi kyau, cutar na nan tana bin aska da kilifa da hula zuwa kan ƙannensa. Kunne kuwa, idan dodon kunne ya huje, abin da aka ɗiga yana zarcewa ciki, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna tsantsar man tana iya taɓa ji.

Saura sha, wanda shi ne babbar magana. Wai daga tsiro yake. Zaƙami fa, daga ina yake? Nonon tumfafiya da ke lalata ido, tinya, gwaska, ƙwanƙwanin da maharba ke dafa dafin kibiya da shi, duk Allah ne Ya tsiro da su, ba kamfani ba. Rogo mai ɗaci abinci ne, amma wanda ya ci shi ba a jiƙa an sarrafa ba yana iya kwana a barzahu. Kakanninmu da suka rayu da saiwa da sassaƙe ba su taɓa cewa duk abin da ya tsiro lafiya ne ba. Sun san na sha, sun san na wanka, sun san na turare, sun san wanda ba a ba mai ciki. Mu ne da muka sami waya muka zubar da wannan sani, muka riƙe kalmar "na gargajiya" kamar laya.

Ti-tiri idan ya shiga ciki ƙwaƙwalwa yake nufa. Mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ya rikice, barci mai nauyi ya danne shi, wani ya suma. Likitoci a Amurka sun rubuta labarin yaro ɗan wata 23 da ya sha abin da bai kai mililita 10 ba, cikin rabin sa'a ya kasa tsayawa da ƙafarsa. Wani ɗan shekara 4 ya sha kaɗan, ya fita hayyacinsa har sai da aka zura masa bututun numfashi. Dukansu sun tashi, amma a asibitin da ke da kayan aiki suka tashi, ba a ƙauyen da sai an nemi mai babur ba. A Ostireliya, gidan man, yana cikin kundin abubuwa masu guba, kuma doka ta tilasta a rubuta gargaɗi a jikin kwalba cewa ba na sha ba ne, a nisanta shi da yara. Waɗanda suka noma shi suka tace shi ke nan. Dabbobi ma ba su tsira ba: wani nazari a Amurka ya tattara karnuka da kyanwoyi 443 da tsantsar man ta kwantar tsakanin 2002 da 2012, da yawansu masu su ne suka shafa musu da niyyar magani. Mai kyanwa a gida ya kiyaye.

Wasu za su ce ai sun ji Turai ta ce yana hana haihuwa. Ga asalin maganar. A ƙarshen 2023 kwamitin tantance haɗari na hukumar sinadarai ta Tarayyar Turai ya ba da shawarar a sanya man a rukunin abubuwan da ake zaton suna cutar da haihuwa, bisa gwaje-gwajen da aka yi wa ɓeraye ana ɗura musu shi ta baki. Manoman Ostireliya da kamfanonin kayan shafawa suka tayar da ƙura, suna cewa ɗura wa ɓera daban, wanke kai da sabulu daban. Wadda ke wanka da sabulun ti-tiri ba ta da dalilin tayar da hankali. Amma a lura da hanyar da aka ga illar: ta baki. Wato daidai abin da ake ce wa matar da ke neman haihuwa ta yi kowace safiya don ta kori sanyi. Akwai kuma rahoton 2007 a mujallar likitoci ta New England kan yara maza uku da nono ya fara fito musu suna amfani da kayan shafawa masu man labanda, ɗayansu haɗe da ti-tiri, kuma abin ya koma da aka daina. Masana suna jayayya a kai har yanzu, yara uku ba hujja ba ce mai ƙarfi, amma ni dai ba zan shafa wa ɗana shi kullum ba gaira ba dalili.

Akwai wata matsala da ta fi kama mu fiye da Bature, ita ce zafi. Man nan yana lalacewa idan iska da haske da zafi suka daɗe suna dukansa. Sinadaransa suna rikiɗa su koma wasu da suka fi tayar da borin fata, kuma wanda jikinsa ya taɓa yin wannan bori, yawanci ya gama da ti-tiri ke nan, ko a sabulu ya haɗu da shi sai ya ji a jikinsa. Man gyaɗa idan ya tsufa hanci yana faɗa maka, wannan kuwa yana iya lalacewa ƙamshinsa bai gudu ba. Shi ya sa na kirki ke zuwa a baƙar kwalbar gilashi mai matsattsen baki. Yanzu a tuna da teburin mai kayan kwalliya a kasuwa cikin watan Afrilu, kwalba tana shan rana tun hantsi har la'asar, wata da watanni. A tuna da mai sayen babbar jarka tana ɗurawa a ƙananan robobi farare, ba ranar da aka yi, ba ranar lalacewa, ba sunan ƙasa. Ga kuma algus, wanda ya zama ruwan dare a kasuwar man a duniya: ana sirka shi da ragowar man bishiyar zaitin nan da wasu sinadarai masu araha. Gwajin farar takarda zai tona wanda aka sirka da man girki, amma ba zai tona wannan ba. Abin da mai saye zai iya shi ne ya nemi sunan Melaleuca alternifolia da ƙasar da aka yi shi da kwanan wata a jikin kwalba, ya ajiye a wuri mai sanyi da duhu, ya zubar da wanda ya daɗe a buɗe.

Da an yi magana sai a ce ai yana da lambar NAFDAC. Masu wannan lamba a cikin masu haɗe-haɗen gida ba su da yawa, kuma ko da akwai, lambar sabulu ko man shafawa izini ce ta sabulu da man shafawa, ba ta mai da shi abin sha ba. Magungunan gargajiya da hukumar ke yi wa rajistar wucin gadi ma, masu harafin L a ƙarshen lamba, a jikinsu ake rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Wa ke karantawa? Da Turanci ne, da ƙananan baƙaƙe. Muna ganin jami'ai a talabijin suna ƙona jabun kaya, Allah Ya saka, amma kasuwar ta daɗe da tashi daga rumfa ta koma cikin waya, da Hausa ake cinikin, da murya. Gargaɗin kuwa yana fitowa a takardar manema labarai. Da za a sami ma'aikaciyar lafiya ɗaya mai zaƙin baki kamar na waccan baiwar Allah, ta yi minti biyu da Hausar da gwaggona ke ji, da an rage aiki.

Na kira gwaggon tawa da daddare. Na ce, Gwaggo, in don ƙurajen fuskar jikarki ne, a sayi sabulunsa, amma kada kowa ya sha. Ta ce to, ai ita dama don ciwon gwiwa take nema, shi kuma ba ya cikin abin da aka lissafa. Na ƙara mata da abu ɗaya, don na san gidan cike yake da yara, kuma irin kwalbar nan a gaban madubi ake ajiye ta tare da turare da kwalli, daidai hannun mai rarrafe. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara. Kamar kananzir yake, idan aka tilasta amai yana iya sarƙewa ya faɗa huhu, ana kukan targaɗe a sami karaya. Kada kuma a ce bari a gani tunda yana wasa, domin tangaɗin yakan zo ne bayan ɗan lokaci. In barci ya fara ɗaukarsa a kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti nan take, a tafi da kwalbar a hannu don likita ya ga abin da aka sha da yawan da ya ragu.